Ɗaurin Bahago a Tiyon Gas

Ni mai gyaran firji ne, kuma aikin mai gyaran firji abu ɗaya ne tak: ya tsare gas a cikin bututu kada ya fita. Sauran duk ado ne. Idan ka yi wa mutum walda, ka ɗura masa gas, ya kai firjinsa gida ya shekara yana ba shi ƙanƙara, to kai ne injiniya. Idan kuwa bayan kwana uku ya dawo yana cewa ruwa ya ƙi sanyi, to kai macuci ne, ko da ubanka ne limamin gari. Na fi shekara goma a shagona na Sabon Garin Jega ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Wannan sunan ne ɗan kawuna ya ɓata mini a wuni ɗaya, yana yi yana dariya.

Bari in fara da na'urar da ta jawo abin. Da ƙuruciya na yi zaman kudu wajen wani mai gyaran injinan lemo na gidajen abinci. Da zan dawo gida sai na taho da tulun ƙarfe guda biyu da aka yar, da regileta mai geji biyu, wato agogunan da ke nuna ƙarfin gas. Sun daɗe a kusurwar ɗaki matata tana ɗora musu faifai, sai wata shekara na samu wani tsohon firji na huda ƙofarsa na sa kan famfo. Tulun ƙarfe yana ciki yana shan sanyi, tukunyar gas tana waje ta baya, tiyo ya haɗa su. Gas ɗin ba na girki ba ne. Irin wanda ake sa wa lemon kwalba ne, ba ya kama wuta, ba shi da wari, kuma sai na je Sakkwato wajen masu ɗura tukwanen kashe gobara nake samunsa. Matata ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, ta tace shi sau uku, mu zuba a tulu mu rufe, mu bar shi kwana uku gas yana shigarsa. Ran na huɗu ka murɗa famfo ya zubo da kumfa, ka kurɓa ya tsikare ka a hanci har ka yi ƙwalla. Ba sayarwa nake yi ba. Na gida ne da na baƙi, kuma ba zan ɓoye ba, ina alfahari da shi fiye da kima.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, mahaifiyata ta koma da ni gidan wanta a Aliero. A hannun Kawu na tashi, tare da ɗansa na fari, wanda tsararmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka taubasai muke, kuma tun muna yawo ba wando “bawana” yake kirana. Ni kuma ba sunan da ban laƙaba masa ba, daga kansa mai kama da ƙoƙo har zuwa tafiyarsa. Duk zagin da za mu yi wa juna ba mai shiga tsakani, manya ma dariya suke yi. Kawu manomin albasa ne na gaske. Shi ya koya mana aikin fadama, da tayar da injin ban-ruwa, da yadda ake yanka tsohon tif na babur siri-siri a ja shi a naɗe gaɓar tiyo har ta daina yoyo. Kawu bahago ne, ɗansa ya gado shi, ni kaɗai ne na-dama a gonar, sai su riƙa yi mini dariya wai ɗaurina baya yake tafiya. Yanzu Kawu ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun kusa rufewa. A zaure yake wuni bisa buzunsa, duk abin da aka kawo masa sai ya shafa shi da hannu kafin ya ce ya gani.

Shi kuwa ɗan kawun nawa albasa ta karɓe shi. Rudunsa, wato rumbunan karan da ake adana albasa, sun yi layi a bayan gari, ya je Makka, ya yi tumbi. A bazarar da nake magana, bayan ya buɗe rudu ya sayar, sai ya tashi yi wa ɗansa aure, ya zo har shagona.

“Bawana,” ya ce, “soɓon nan naka mai atishawa nika so ran walima. Baƙina na tahowa daga Birnin Kebbi, ba ni ba su lemun kwalba kamar kowa.”

“Kanka na ƙoƙo ya yi tunani yau,” na ce masa. “Za ni kawowa, amma kar wanda yat taɓa min kaya.”

Na je Sakkwato na ɗuro gas. Matata ta wuni a kan tukunya. Ana gobe walima, bayan azahar, na ɗauki mota na kai firji da tuluna biyu Aliero, aka ce in ajiye a zauren Kawu don nan ne da sanyi kuma nan wayar janareta ta bi. Na haɗa komai, na duba geji, na zuba wa Kawu rabin kofi. Ya sha ya yi gyatsa ya yi dariya, ya miƙa hannu yana shafa firjin, ya bi tiyo da yatsa. Na yi masa sallama na koma Jega kafin la'asar, zuciyata fes.

Washegari da hantsi na iso cikin sabuwar shadda. An kafa rumfuna, an jera kujeru, manyan baƙi sun zauna. Aka turo firjin ƙofar zaure inda kowa zai gani. Ɗan kawuna ya karɓi lasifika ya yi ta kuranta abin, wai yau za a sha abin da ko a birni babu. Na ɗauki kofi na farko, na murɗa famfo. Sai ya yi wani ɗan tsaki, “tsss,” ya ɗigo ɗigo uku, ya tsaya. Na leƙa baya na dubi geji, allura tana kwance a ƙasa. Tukunyar da na ɗuro cike a makon nan ba komai a cikinta. Har gas ɗin da ya shiga zoɓon ya bi ta inda ɗan'uwansa ya bi. Ala tilas na buɗe murfin tulu, aka kawo moɗa aka riƙa kamfata ana zuba wa mutane zoɓo salam, irin wanda kowace tsohuwa ke ƙullawa a leda.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Inji ne, yakan ba da kunya. Amma sai mutumin nan ya ɗaga lasifika.

“Jama'a, ku dibi hikimar bawana! Ya kai soɓo Sakkwato, ya maido shi soɓo. Wanga shi am mai gyaran hirji na Jega. Gas ɗin gidanai ma ya tsere mai, balle naku. Tsss!”

Rumfa ta ɗauka da dariya. Ya sake yin “tsss,” aka sake fashewa. Ni ma na yi yaƙe, don wanda taubashinsa ya zage shi ya ɓata rai shi ake yi wa dariya ta biyu. Amma na ji maganar ta sauka inda ba ta kamata ba. Da ya ce ni mummuna ne, ko matsiyaci, ko bawan da ya saya da buhun albasa ruɓaɓɓiya, da na rama nan take mun wuce. Amma aikin hannuna ne ya zaga, a gaban mutanen Aliero da Jega da Maiyama, waɗanda rabinsu ni ke yi musu gyara. Kuma a bazara, lokacin da mai gyaran firji ke samun abincin shekara.

Ba a yi mako ba na ga sakamako. Ranar kasuwar Jega ina wucewa ta layin masu kifi sai na ji “tsss” a bayana. Na waiwaya, kowa ya sunkuyar da kai yana aikinsa. Wani mai sayar da ƙanƙara daga Kuberi, wanda ya kawo mini babbar firiza, ya zo da mota ya ce zai ɗauke ta wai ya fasa gyaran. Ban tambaye shi dalili ba, na taya shi ɗorawa. Da yamma na gan ta a shagon wani yaron da na koya wa riƙe wutar walda. Na yi wuni uku a shago ba wanda ya yi mini sallama sai mai shayi.

Na rantse sai na gano inda gas ɗin nan ya bi. Na sake komawa Sakkwato na ɗuro, na dawo na rufe shago, na baje kaya a tsakar gida.

Neman yoyon gas ba kamar na ruwa ba ne. Ruwa yana jiƙa ƙasa ya nuna maka kansa, shi kuwa wannan ba ka ganinsa ba ka jin warinsa. Dabarar ita ce ka buɗe tukunya gas ya cika hanya, ka rufe, sannan ka zauna ka zuba wa allurar geji ido. Idan ta tsaya cik, hanya lafiya. Idan ta fara saukowa, akwai ɓaraka. Na buɗe, na rufe, na zauna. Kafin matata ta gama tankaɗe allura ta sauko rabi.

Na fara da washar da ke tsakanin regileta da bakin tukunya, don ita ce ta fi cin amana. Na canza sabuwa, na ɗaure da sufana, allura ta sauko. Na kaɗa garin sabulu a kofi, na samu gashin kaza ina shafa wa kowace gaɓa ina jiran kumfa. Bakin tukunya shiru. Jikin regileta shiru. Na ciro tulun ƙarfe na cika shi da gas na danna shi cikin bahon wanki kamar yadda mai faci ke yi wa tif, ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta taso ba. Na canza robar murfin duk da haka. Na kwance kan famfo na wanke na mayar. Kwana huɗu ina wannan, kowane gwaji yana cin gas ɗin da na sha wahalar ɗaukowa, ina ɗaga tukunyar ina jin tana rage nauyi. Raina ya ɓaci har na daina cin abinci a kan lokaci. Akuyar gidan ma da ta zo shinshina kofin sabulu sai da ta sha takalmi.

Ran na biyar matata tana tsintar shinkafa ta dube ni ta ce, “Malam, dut ka shahwa sabulun ga ko'ina?”

“Ko'ina.”

“Har can baya, inda baƙin abin ga yake?”

“Can ba ya yoyo. Ni niɗ ɗamre shi da hannuna, da kilif na ƙarhe.”

“To,” ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Wannan “to” ɗin ya fi zagi ciwo. Wurin da take nufi gaɓa ce a bayan firji, can ƙasa, inda tiyon tukunya ya haɗu da bututun da ya shiga ciki. Na matse ta da kilif tun ranar da na haɗa na'urar, na naɗe kilif ɗin da baƙin salatif don kada ya yanki hannun wani. Kullum idona yana wucewa ta kanta, in ga baƙi, in wuce. Don in rufe wa matata baki na jawo firjin, na durƙusa, na shafa sabulu. Kafin in janye gashin kaza kumfa ta taso, ta kumbura, ta fashe, wata ta biyo ta.

Na kai hannu. Abin da na taɓa ba salatif ba ne. Robar tif ce, an yanka ta siri, an ja ta an naɗe gaɓar tsaf-tsaf, an cusa wutsiyar sau biyu a ƙarƙashi. Kilif ɗina babu shi. Ɗauri ne na fadama, mai kyau kuwa, wanda da ruwa ne a cikin tiyon da ya shekara bai ɗiga ba. Amma gas ba ya jin roba, ta ƙarƙashinta yake sulalewa. Na kunna fitilar waya na duba yadda naɗin ya tafi. Daga dama ya koma hagu. Ɗaurin bahago ne.

Na zauna a ƙasa daɓas. Wallahi abin da na ji a lokacin daɗi ne, daɗi mai zafi. Wato shi ya kwance mini kilif, ya yi ɗaurinsa na manoma, sannan ya ɗauki lasifika ya tozarta ni. Ko ganganci ne ko mugunta, ban damu in sani ba. Matata ta ce in kira shi a waya in gaya masa. Na ce Allah ya kiyaye. A gaban jama'a ya yi mini, a gaban jama'a zan mayar masa. Ta ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Na ce ba rami nake ginawa ba, kayansa zan kai masa.

Ban kwance ɗaurin ba. Na yanke bututun da tiyon gaba ɗaya, da ɗaurin a jiki, na naɗe a tsumma na sa a akwatin kayan aikina. Na yi sabuwar gaɓa da sabon kilif, na buɗe gas, na rufe. Allura ta tsaya cik har washegari. Daga nan na shiga jira. Babbar Sallah saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, kuma washegarin Sallah da hantsi duk dangi da maƙwabta sukan taru a zauren Kawu a yi gaisuwa a ci soye. A tsakanin nan sau biyu muna haɗuwa da shi. Ya yi mini “tsss,” na yi dariya har da tafawa. Ina komawa gida in buɗe akwati in dubi tsumman nan in ji sanyi a raina. Har bitar maganar da zan yi nake yi a kan babur, ina gyara ta, ina ƙara mata gishiri.

Ranar ta zo. Na kai na'urar da sassafe, wannan karon ban matsa daga gefenta ba ko taku ɗaya. Zaure ya cika, har waje an shimfiɗa tabarmi. Kawu yana kan buzunsa. Ɗan kawuna ya shigo cikin babbar riga yana ganin firji ya ce, “A'a, bawana ya dawo da abin tsaki! Ku tanadi moɗa.”

Na murɗa famfo, zoɓo ya zubo da ƙarfi, kumfa ta hau har ta zuba a hannuna. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Dattawa suka sha suna gyatsa suna share ƙwalla suna salati. Sai da na tabbatar kowa ya sha, har shi, sannan na ce ina da magana.

“Ran walima kun ga abin da yaf faru, kun ji abin da anka ce game da hannuna. Yau ina son ku gani da idonku.”

Na shafa sabulu a sabuwar gaɓata, na ce su duba. Shiru, ba kumfa. Na rufe tukunya, na ciro tsumma, na haɗa tsohon tiyon, na toshe ƙarshensa, na buɗe gas kaɗan, na shafa sabulu a kan baƙar robar. Kumfa ta yi ta tasowa kamar ana tatsar nono a ƙwarya. Na ɗaga shi sama ina juyawa don na waje su gani.

“Wanga ba ɗamrina ba na. Ni kilif nis sa. Wani ya kwance shi ya yi ɗamrin hwadama. Ku manoma na, kun hi ni sanin ɗamri. Ku dibi inda yan nuhwa. Na-dama ka yin wanga?”

Wani dattijo ya karɓa ya duba ya ce, “A'a, wanga bahago na.”

Duk idanu suka koma kan ɗan kawuna. Wannan lokacin na yi wata guda ina jira. Na zaci zai yi musu, ko ya mayar da abin wasa, na kuma tanadi amsar kowanne. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya yi saurin miƙewa.

“Ni na,” ya ce. “Ni niɗ ɗamre. Na yi kuskure, a bar maganag ga. Kawo shi nan.”

Ya miƙo hannu zai karɓe tiyon. Saurin nan nasa ya ba ni mamaki, amma daɗin nasara bai bar ni na yi tunani ba. Na janye hannuna, na buɗe baki zan sauke masa jawabin da na yi ta bita a kan babur. Sai muryar Kawu ta fito daga kan buzu.

“Ku miƙo min in gani.”

“Baba, bar shi, ba komi na ba,” in ji ɗansa.

“Na ce ku miƙo min.”

Dattijon nan ya sa masa a hannu. Kawu ya bi robar da yatsunsa a hankali, ya taɓa inda aka cusa wutsiyar. Sai a lokacin na lura da hannun da yake shafawa da shi, na hagu. Shekaru sun sa na manta cewa bahagwai biyu ne a gidan, kuma ɗaya ne ya koya wa ɗayan.

“Ƙarya kaka yi,” Kawu ya ce wa ɗansa. “Wanga ɗamrina na.” Ya juyo inda yake jin numfashina. “Ɗana, bayan ka tahi ran nan, nis shahwa nij ji ƙarhe ya ciji tiyo. Nic ce wanga ƙarhe yanke mai tiyo za shi yi cikin jama'a. Nis sa anka kawo min tif da wuƙa. Tun la'asar nika hwama da shi har anka kira magariba, hannun ba ƙarhi. Na so in taimake ka na.” Ya juya wajen ɗansa. “Kai kuma da sahe na hwaɗa maka na gyara ma ɗan'uwanka tiyo, kac ce min na yi daidai. Ashe ni niɓ ɓata. Wata biyu kuna bari na ina zamne ban sani ba.”

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ajiye tiyon a gefen buzu, ya mayar da hannayensa cikin riga. Na durƙusa na ce, “Kawu, ka gahwarce ni, ban san kai na ba.” Ya ce ba komai, Allah ya yi mini albarka, gaskiya na nema kuma na same ta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya ciyar da ni, ya koya mini riƙe wuƙa, shi na tsayar a gaban maƙwabtansa na nuna musu cewa ya tsufa har gyaransa ya zama ɓarna.

Na fita bayan zaure, ɗan kawuna ya biyo ni.

“Ka ji daɗi yanzu?” ya ce.

“Ka sani. Tun ran walima ka sani.”

“Awo, na sani. Ina ganin geji nig gane. Mi kaka son in yi? In ɗau lasihika in ce ma baƙi tsohona ya ruɗe?”

“Da ka ja ni gehe ka hwaɗa min. Da ni da bakina za ni ce injina ya lalace, in ɗau kunyar don Kawu. Ba ka tambaye ni ba. Kaz zaɓi ka yanka ni, kuma wata biyu kana ƙarawa.”

“Haba, bawana. Wasa na hwa.”

Na dube shi. Ya rufa wa ubansa asiri, wannan ban ƙi ba, ko ni ne zan so in yi. Amma da fatata ya yi rufin, ya kuma ji daɗin yi, don ba wanda ya tilasta masa “tsss” na biyu da na goma. Ya san firizar Kuberi ta bar shagona, ya san komai, bai taɓa tako ƙafa ya ce mini ga yadda aka yi ba. Da ya yi haka da tsohon nan ya mutu bai san komai ba.

“Na gode, Alhaji,” na ce. “Allah shi huci zuciyakka.”

Ya yi dariya, ya zaci sabon salon tsokana ne.

Labari ya bazu kafin naman Sallah ya ƙare. Sunana ya dawo, har ya fi da. Mai ƙanƙarar Kuberi ya dawo da firizarsa yana sosa ƙeya, mutanen Alelu suka fara kawo mini aiki, ba wanda ya sake yi mini tsaki a kasuwa. Abin da na nema na samu. Amma Kawu bai sake shafa kayan kowa ba. In ka kai masa sabuwar waya ko fitila ka ce ya gani, sai ya ce, “Riƙe min dai, kar in ɓata maka.” Na kai masa zoɓo a kofi, sai da ya tambaye ni ko ya kama da kansa ko in ba shi. Duk ranar da na ji wannan tambayar sai na koma gida da ɗacin rai, rabi a kaina, rabi a kan ɗansa.

Shekara uku ke nan ban tsokani ɗan kawuna ba. Ban ƙaurace masa ba, zumunci ya fi ƙarfin haka. Ina zuwa suna da jana'iza a gidansa. In mun haɗu nakan rage tsawo in ce, “Ina kwana, Alhaji, ina gajiya, yaya iyali?” Ya ce “bawana,” in ce “Na'am, ranka shi daɗe.” Wanda bai tashi da taubashi ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mutum ne da duk garin ke girmama shi saboda albasarsa, ni kaɗai ne nake iya ce masa kansa ƙoƙo ne ya yi dariya har ya riƙe ciki. Na ɗauke masa wannan, kuma na san ba inda zai saya. Ya aiko matarsa wajen matata, ya aiko dattawa, na ce musu ni ban san muna da faɗa ba, wane laifi ne a gaida babba da ladabi?

Watan jiya ya zo shagona da kansa, da firizarsa a bayan mota, alhali akwai masu gyara a Aliero. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rame kaɗan, furfura ta fito masa. Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya ce “tsss” a hankali, yana jira. Na ga abin da yake roƙo, zagi ɗaya kawai, ko ƙarami. Yana nan a kan harshena, har na ji ɗanɗanonsa.

Na kakkaɓe masa kujera, na aika aka kawo masa ruwan sanyi, na ce Alhaji ya zauna ya huta. Na yi masa walda mai kyau, na ɗura gas, na shafa sabulu a kowace gaɓa a gaban idonsa. Da zai tafi na raka shi har mota, na buɗe masa ƙofa.